MTN, Airtel, Glo ko T2: abin da ya kamata mai waya ya duba kafin ya zaɓi layi

Da wuya a sami ɗan kasuwa, direba ko ma'aikaci a Najeriya da ke riƙe da layin waya guda ɗaya tak. Akasarin wayoyin da ake sayarwa a kasuwar Farm Centre ta Kano, ko Computer Village ta Ikeja, ko Banex a Abuja, masu cin sim biyu ne, domin jama'a sun daɗe da gane cewa layin da ke kamawa raɗau a cikin gari yana iya ɗaukewa da zarar an hau hanyar ƙauye. Wanda ke da arahar data kuma yana iya kasa buɗe ko da hoto ɗaya bayan sallar isha'i, lokacin da kowa ya koma kan wayarsa.

A da, riƙe layi biyu ko uku bai cika damun aljihu ba. Lamarin ya sauya a ranar 20 ga Janairun 2025, sa'ilin da Hukumar Kula da Harkokin Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ƙarƙashin shugabancin Dokta Aminu Maida, ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data da na saƙo da abin da bai wuce kashi 50 cikin ɗari ba. Kamfanonin ninki suka nema, wato kashi ɗari, suna kafa hujja da cewa rabon da a taɓa farashin tun 2013. Saƙon tes da ake turawa a kan naira 4 ya koma naira 6. Tun daga nan tambayar da ake yi a majalisu da tashoshin mota ta ƙara nauyi: wane layi za a riƙe, wanne za a ajiye?

Babu amsa guda da za ta dace da mazaunin Wuse da manomin Ɗansadau da mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12 ta Legas. Amma akwai tsarin da ya kamata a bi wajen auna kamfanonin, kuma sau da yawa ana juya shi ne a baibai: a fara da duba farashi, alhali shi ne ya kamata ya zo na biyu.

Kamfanoni huɗu, ƙarfi ba ɗaya ba

A watan Janairun 2001 NCC ta yi gwanjon lasisin wayar salula, inda kowane lasisi ya tashi a kan dala miliyan 285. Kafin lokacin, dukkan layukan da NITEL ke da su a faɗin ƙasar ba su kai rabin miliyan ba. MTN da Econet suka fara aiki a watan Agustan wannan shekara, aka sayar da sim a kan dubban nairori, ana cajin kira minti-minti a kan naira 50, ko da kuwa mutum sallama kawai ya yi ya kashe. Globacom na Mike Adenuga ne ya karya wannan tsari da ya shigo a watan Agustan 2003 da cajin sakan-sakan, sauran suka bi sahu ba da son ransu ba. Wannan shi ne misali mafi girma a tarihin fannin na yadda gasa ke sauƙaƙa wa talaka.

Econet ya yi ta sauya suna da masu shi, daga Vmobile zuwa Celtel zuwa Zain, kafin ya zama Airtel a 2010 bayan da kamfanin Bharti na Indiya ya saye shi. Etisalat ya shigo a 2008 da lambar 0809, ya yi farin jini a wajen matasa da ma'aikata saboda ingancin intanet ɗinsa, sai bashin dala biliyan 1.2 na wasu bankuna 13 ya durƙusar da shi a 2017. Masu shi na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suka janye, ya koma 9mobile, sa'annan a watan Agustan 2025 ya sake suna zuwa T2.

Alƙaluman NCC na 2025 sun nuna MTN na riƙe da fiye da rabin layukan da ke aiki, Airtel na da kimanin kashi ɗaya cikin uku, Glo na da wajen kashi 12 cikin ɗari, T2 kuma na ƙasa ƙwarai da ɗan abin da ya rage. Shekara guda kafin nan, a kan takarda, Glo kafaɗa-da-kafaɗa yake da Airtel. Tankaɗe da rairayar da aka yi a 2024, bayan cikar wa'adin haɗa layuka da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN da kuma cire layukan da suka yi kwana 90 ba a yi komai da su ba, ta sauko da jimillar layukan ƙasar daga kusan miliyan 219 zuwa kimanin miliyan 154. Glo ne ya fi jin jiki, daga sama da miliyan 60 zuwa ƙasa da miliyan 20. Ma'anar wannan ita ce, kasuwar da ake kira ta kamfanoni huɗu a zahiri ta kusa zama ta biyu, kuma wannan ba labari ne mai daɗi ga mai saye ba.

Sabis ne farko

Dalilin da ya sa ake cewa a fara da duba sabis a fili yake: datar da ba ta buɗe komai asara ce, ko nawa aka saye ta. Ta fuskar yaɗuwa a faɗin ƙasa, babu gardama MTN ne kan gaba, Airtel na biye da shi, musamman a kan manyan hanyoyi da hedikwatocin ƙananan hukumomi. Glo na da ƙarfi a birane da wasu yankuna, yana da rauni a wasu. T2 kuwa ya shafe shekaru yana rasa turaku da kwastomomi, har sai da NCC ta amince a 2025 da wata yarjejeniya ta shekara uku da ke bai wa masu layinsa damar hawa kan turakun MTN a inda nasa ba su kai ba.

Sai dai wannan jeri na ƙasa baki ɗaya ba ya gaya wa mutum abin da zai tarar a ɗakinsa. Sabis abu ne na unguwa, wani lokaci ma na lungu. Abin da ke yanke hukunci shi ne turken da ya fi kusa, da nisansa, da abin da ke tsakani na gini ko dutse, da kuma yawan mutanen da ke rataye a kansa. Kowane turke na da iyakar abin da zai iya ɗauka. Shi ya sa a unguwanni masu cunkoso, ko kusa da jami'o'i da manyan kasuwanni, ake ganin sandunan sabis sun cika a fuskar waya amma saƙon WhatsApp ya ƙi tafiya. A irin wannan wuri, kamfanin da ya fi yawan jama'a na iya zama wanda ya fi nawa, ƙaramin kamfani da ba kowa a kansa ya fi shi gudu.

Akwai kuma batun zangon da kamfani ke watsa sabis a kai. Zango na ƙasa, kamar 800 ko 900, yana cin nisa kuma yana ratsa bango, don haka shi ya fi dacewa da karkara. Wannan na cikin dalilan da suka sa MTN ya sayi Visafone a 2016, domin ya mallaki zangon 800 da ke hannunsa. Zango na sama yana ɗaukar data mai yawa amma ba ya nisa. Fasahar 5G da ake ta talla a kanta tana aiki ne a Najeriya a zangon 3,500, wanda MTN da Mafab suka saya a gwanjon Disambar 2021 a kan dala miliyan 273.6 kowannensu, Airtel ya samu nasa daga baya. MTN ya ƙaddamar a 2022, Airtel a 2023. Har yanzu abu ne na wasu unguwannin manyan birane, kuma sai wayar da aka ƙera dominsa. Ga mafi yawan 'yan Najeriya, tambayar da ke da amfani ita ce ko 4G na tsayawa a inda suke, ko kuwa wayar na yawan faɗawa 3G da 2G.

Wani abin da ba kowa ya sani ba shi ne, yawancin turakun da ake gani ba na kamfanonin layi ba ne. Kamfanoni irin su IHS da American Tower ne ke mallakar su, suna bayar da haya, ta yadda turke ɗaya kan ɗauki na'urorin kamfani biyu ko uku. Idan man gas ya ƙare a janaretan wannan turke, ko ɓarayi suka kwashe batura, layukan duka sai su ɗauke tare, riƙe sim biyu bai yi rana ba ke nan. Haka nan wayoyin intanet da aka binne a gefen hanya, waɗanda masu aikin titi da masu haƙar magudanar ruwa ke tsinkawa kusan kullum. Saboda irin wannan ɓarna ne Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a 2024 kan umarnin da ya ayyana kayan sadarwa a matsayin muhimman kadarorin ƙasa da taɓa su babban laifi ne. A ranar 14 ga Maris na wannan shekara ma, tsinkewar wasu manyan wayoyin ƙarƙashin teku a gaɓar Afirka ta Yamma ta jefa bankuna da masu waya cikin halin ni-'yasu na kwanaki. A lokacin Glo ya bayyana cewa tasa wayar ta Glo-1, wadda ta taso daga Ingila zuwa Legas, ba ta cikin waɗanda abin ya shafa.

A arewacin ƙasar akwai ƙarin matsalar tsaro. A 2012 mayaƙan Boko Haram sun ƙona turaku da dama a arewa maso gabas, a 2013 aka katse sabis a Borno da Yobe da Adamawa ƙarƙashin dokar ta-ɓaci. A watan Satumbar 2021 an rufe layukan sadarwa a jihar Zamfara baki ɗaya, daga baya matakin ya shafi sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. Akwai garuruwan da har yau injiniyoyi ke tsoron shiga domin gyara ko kai mai. A irin waɗannan wurare zancen zaɓi bai ma taso ba: layin da ya kama shi ne layi, ko da sai an hau tudu ko bishiya. Asusun USPF, wanda dokar sadarwa ta 2003 ta kafa domin kai sabis inda kamfanoni ba sa ganin riba, da shirin Gwamnatin Tarayya na shimfiɗa wayoyin intanet na tsawon kilomita 90,000 da Ministan Sadarwa Dokta Bosun Tijani ke jagoranta, su ne ake sa ran za su cike wannan giɓi.

Mazauna garuruwan kan iyaka irin su Illela, Jibiya da Maigatari na da tasu damuwar daban. Waya kan tsallaka da kanta ta kama sabis ɗin Jamhuriyar Nijar alhali mai ita yana zaune a gidansa, a caje shi kuɗin wanda ya fita waje. Maganin wannan shi ne a shiga saitin waya a zaɓi kamfani da hannu maimakon a bar ta tana zaɓa da kanta.

Hanya mafi inganci ta gwada sabis ba ta buƙatar wani ilimi mai zurfi. Gani ya kori ji: a tambayi maƙwabta da masu POS na unguwa, waɗanda abincinsu ya dogara a kan sabis, wane layi suke sa wa a na'urarsu. Sa'annan a sayi ƙaramar data a gwada a gida da wurin aiki, da safe da kuma tsakanin ƙarfe takwas zuwa goma na dare.

Farashin da aka rubuta da wanda ake biya

Bayan an tace kamfanonin da ke kamawa, sai a zo kan kuɗi. A wajen kira, tazarar da ke tsakaninsu ba ta da yawa, domin NCC ce ke ƙayyade mafi ƙaranci da mafi yawan abin da za a caja. Bambancin da ake gani ya fi fitowa daga tsarin da mutum yake kai. Wasu tsare-tsaren kan ba da garaɓasa mai yawa a kan kowane kati, amma su caji kira da tsada idan ana cin garaɓasar, kuma ta ƙone cikin 'yan kwanaki. Wasu ba su da garaɓasa, amma kuɗin sakan ɗinsu ƙasa yake. Mai doguwar hira ya fi cin riba a na biyun, ko da yake na farkon ne ya fi daɗin ji a talla.

A wajen data ne gasar take. Glo ya daɗe da yin suna wajen bayar da data mai yawa a kan kuɗi kaɗan, kamar yadda ya daɗe yana shan ƙorafi kan saurinta a wasu wurare. MTN da Airtel kan yi kusa da juna a farashi, ɗaya na motsawa ɗaya na bi. Amma lissafin gaskiya sai an cire abin da ba za a iya amfani da shi ba. A ɗauka, a misali, kamfani ɗaya na bayar da gigabait 10 a kan naira 3,000, amma 4 daga ciki ta dare ce da ba ta aiki sai bayan sha biyu. Wani kuma na bayar da gigabait 7 a kan kuɗin, a yi amfani da ita kowane lokaci. A talla, na farko ya faɗi naira 300 kan kowane gigabait. Ga wanda ke barci da dare kuwa, naira 500 yake biya, na biyun kuma bai kai naira 430 ba. Araha ba ta ado, in ji Hausawa.

Wa'adi ma farashi ne. Datar kwana ɗaya ko ta mako ta fi sauƙin saye ga mai ƙaramin ƙarfi, amma idan aka tara abin da aka kashe a wata, sau da yawa ya zarce kuɗin ta wata guda. A nan ma talaka ne ke biyan tsada, kamar yadda mai sayen shinkafa gwangwani-gwangwani ke biyan fiye da mai sayen buhu. Ya kamata a duba ko ragowar data na bin mutum idan ya sabunta kafin wa'adi ya cika, a kuma kula da sabuntawa ta kai-tsaye da ke cire kuɗi ba tare da an tambaya ba.

Ƙarin farashin 2025 bai zo daidai a kan kowane ƙunshi ba. A watan Fabrairun shekarar MTN ya ɗaga wani ƙunshin mako na gigabait 15 daga naira 2,000 zuwa 6,000, jama'a suka yi ca, har kamfanin ya fito ya ba da haƙuri. Su kuma kamfanonin na da tasu hujjar da ba za a yi watsi da ita ba: da dala suke sayo na'urori, darajar naira ta faɗi warwas bayan da aka sake ta a watan Yunin 2023, kuma dubban turaku da janareta suke kwana. MTN Najeriya, duk da girmansa, ya bayyana asarar sama da naira biliyan 400 a 2024. Abin da mai saye ke da haƙƙin tambaya shi ne ko ƙarin da ya biya ya koma cikin gyaran sabis, tunda da wannan sharaɗi aka amince da shi.

Ƙorafin cewa data na ƙarewa da wuri ya zama ruwan dare a kan dukkan layuka, har NCC ta umarci kamfanoni a 2024 su kawo masu bincike daga waje su duba na'urorinsu na caji. A shekarar ce kuma ta ba da umarnin rage yawan tsare-tsare da bayyana sharuɗɗansu a fili. Duk da haka, wani kaso na matsalar a cikin wayar yake: bidiyon TikTok da Facebook da ke kunna kansa, manhajojin da ke sabunta kansu a ɓoye, da hotunan da ke hawa ma'ajiyar intanet ba a sani ba. Sabis mai sauri kan sa bidiyo ya zo da inganci mafi girma, wanda ke cin data ninkin-ba-ninkin. Masu tura kuɗi ta lambobin banki su ma su sani cewa tun tsakiyar 2025 ana cire naira 6.98 na kowane zama daga katin waya, kuma wannan ɗaya ne a kowane layi.

Idan matsala ta taso

A fannin kula da kwastomomi babu kamfanin da zai bugi ƙirji. Dogon jira a kan layi, na'urar da ke ta zagaye da mutum kafin ya sami ɗan Adam, da cunkoso a ofisoshi, duk abin da aka saba ne. A ƙarshen watan Yulin 2024, da aka toshe ɗimbin layuka kan batun NIN, fusatattun mutane sun yi dafifi a ofisoshin MTN har kamfanin ya rufe su na ɗan lokaci, NCC ta ba da umarnin a buɗe layukan. Abin da ya fi bambanta kamfanonin a aikace shi ne kusancin ofishi ko wakili. Wanda wayarsa ta ɓace, kuma layin ne ke haɗe da asusunsa na banki, zai gane muhimmancin wannan idan ya zama sai ya yi tafiyar awa uku zuwa babban birnin jiha kafin a dawo masa da lambarsa. MTN da Airtel sun fi yawan wakilai a ƙananan garuruwa.

Tun watan Mayun 2023 lambobin neman taimako suka zama iri ɗaya a dukkan layuka. Ana kiran 300 domin magana da ma'aikata, *310# domin duba kuɗi, *312# domin sayen data, *323# domin duba ragowarta, sai *305# domin dakatar da hidimomin da ke cin kati, irin su waƙar kira da saƙonnin wasanni da mutum bai san ya shiga ba. Wanda saƙonnin talla suka dama sai ya tura STOP zuwa 2442.

Ƙa'idar ƙorafi ita ce a fara kai wa kamfanin, a kuma karɓi lambar shaidar ƙorafin a adana. Idan ba a warware ba, sai a kira NCC a 622, kyauta ne, kuma lambar shaidar nan za a fara tambaya. Hukumar ta kuma wajabta wa kamfanoni a 2025 su riƙa sanar da jama'a idan an sami babbar katsewar sabis, su biya diyya, kamar tsawaita wa'adin data, idan katsewar ta wuce awa 24. Mutane ƙalilan ne ke bin wannan haƙƙi.

Makami mafi kaifi da ke hannun mai waya shi ne ƙaura da lambarsa. Tun watan Afrilun 2013 doka ta ba kowa damar komawa wani kamfani ba tare da ya rasa lambar da aka san shi da ita ba, shi ya sa a yau 0803 ba lallai MTN ba ce, 0805 ba lallai Glo ba ce. Mai son ƙaura zai je ofishin kamfanin da yake son komawa da kansa, da lambarsa ta NIN da wayar da layin ke ciki, ya cike takarda, ya tura PORT zuwa 3232, a ba shi sabon sim. Ba a biyan kuɗin ƙaurar, amma ragowar kati da datar da ke tsohon layin ba sa bin mutum, don haka gara a cinye su tukuna. Dole ne kuma sunan da ke kan rajistar layin ya yi daidai da na NIN, a biya duk bashin katin da aka ranta, kuma akwai wa'adin da sai ya cika kafin a sake yin wata ƙaurar.